Soyayyar yammacin Amurka ta hana ni barci

Jiya sai ƙarfe biyun dare na ajiye waya. Wata uku ke nan da na kamu da karatun littattafan soyayya na zamanin da Turawa ke kwarara yammacin Amurka, ni da na tashi ina ɓoye littattafanmu na Hausa a ƙarƙashin filo.

Kusan duk hanyarsu ɗaya: budurwa ko bazawara ta ga wani manomi ya sa cigiyar matar aure a jarida, ta hau jirgin ƙasa ta je ta auri mutumin da wasiƙarsa kawai ta sani. Na ɗauka ƙagen marubuta ne, ashe an yi hakan. A 1862 gwamnatinsu ta yi dokar mallaka wa mutum eka 160 muddin ya zauna ya noma ta shekara 5, har macen da ba ta da miji tana da damar karɓa. A filayen Nebraska itace ya yi wuya, sai su yanko ƙasa da ciyawarta su yi ɗaki, girki kuma da busasshen kashin ɓauna. Wai nan amarya za ta tare! Ni da ko wutar lantarki aka ɗauke sai na yi mita.

Abin da ke tsaya min a rai, sai a nuna ƙasar kamar ba ta da masu ita. Alhali 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilun Lakota da Cheyenne, aka tura gefe, amma a yawancin waɗanda na karanta, daga nesa kawai ake hango su kan dawakai.

Duk da haka yau ma zan ɗora. A littafin da nake karantawa, na tsaya daidai inda dusar ƙanƙara ta toshe wa amarya da angonta ƙofa, kuma har yanzu ba sa ga maciji da juna.