Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Iccen Ƙarfe

Makon jiya na tsaya inda likita ya ce jinina ya hau, ko in motsa jiki ko in dawwama kan ƙwaya. Masu tambayar zancen rabon gidan Baba ku yi haƙuri, ba yau ba.

Zagayen filin wasa na Seyni Kountché da ke Yamai na fara, bayan sallar asuba, da hijabina da takalmin autana. Wata biyu na yi, zafin Afrilu ya koro ni. Na gwada wani gidan motsa jiki a Plateau, ko'ina madubi, ko'ina maza, kuɗin wata kuma ya kusa na buhun shinkafa. Sau uku na je. A wurin adashi ne wata Bazabarma ta raɗa mini cewa akwai wata mata a Yantala da ke koyar da mata zalla a cikin gidanta, ƙofa a rufe. Ta turo mini lambarta ta WhatsApp, ba ta gaya mini abin da zan tarar ba.

Sanda ce ta ƙarfe, tana ƙyalli, tun daga ƙasa har rufin ɗaki. Na san ta, sandar rawar nan ce da ake ce wa pole dance, na kuma san irin wuraren da ake ganinta a Turai. Na ɗauki jakata. Malamar, yarinya ce da na haifi kamarta, ta ce, "Inna, zauna ki sha ruwa tukuna." Ta ce a Indiya ƴan kokawa ne ke horo a kan gungumen icce, mallakhamb suke ce masa, kuma wannan ta ƙarfen tana da ƙungiyarta ta duniya tun 2009, har gasa ake yi. Ni Ba'adara, wadda Baba ya ishe mu da labarin kokawar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, aka ce mini ƴan kokawa? Na aje jakar.

Amma gaskiya ba kokawa ta zaunar da ni ba. Gwaggo ce.

"Ɗiya mace ba ta hawan icce." Ina da shekara tara na hau kurnar tsakar gidanmu, yayyena maza na ƙasa suna tsintar abin da nake kakkaɓowa. Su ba wanda ya taɓa su. Ni Gwaggo ta jawo ni ta ƙafa, ta zane ni da tsumagiya gaban kishiyoyin Inna. Da shekara ta zagayo kurnar ba ta yi ƴaƴan kirki ba, sai aka ce ni na ɓata ta. Shekarar 1984 ce fa, ta yunwar El-Buhari, wadda ko gero bai yi ba a Adar gaba ɗaya. Wannan ma ni ce? Har ranar aurena sai da ta maimaita wa dangin miji, wai su lura, amaryarsu mai hawan icce ce.

Ranar farko na sha kunya. Na shafe jikina da man kaɗanya kamar kullum, ina kama sandar na sulale na zauna daɓas. Malama ta miƙo mini sabulu, ta goge ƙarfen da alkol, ta ce ranar darasi ba shafa, ba zobe, ba awarwaro. Kaurin sandar milimita 45 ne, kuma akwai makulli a gindinta: a ɗaure ta tsaya cak, a kwance ta riƙa juyawa da mutum. Mu sabbi a ɗaure muke koyo. Ranar ba hawa, zagaya ta kawai muka yi a kan yatsun ƙafa, kafaɗa a sauke, tana ta faɗin kada wadda ta yi tsalle, a bar hannu ya ɗauki nauyin. Washegari ko tulu na kasa ɗagawa.

Sai rigimar wando. Fata ce ke kama ƙarfe, tufa zamewa yake yi. Mako uku na yi da dogon wando ina zamowa kamar kifi kafin na haƙura na sa gajere, mu biyar a ɗaki duk mata, amma sai da na sa aka ƙara labule. Ƙaurina da cinyoyina suka yi tabo baƙi-baƙi. Maigida ya gani ya ce wa ya dake ni, na ce masa Gwaggo. Bai gane ba, ita da ta rasu tun kafin mu komo Yamai.

A mako na bakwai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi ya sa kowa ta haƙura. Na shafa farar hodar riƙo a tafina, na harɗe sandar da ƙafa, na miƙa hannu, na ja, na sake ja. Rufin ɗakin da zafi, kwano ne a bayansa. Na taɓa shi da tafin hannu, na ce, "Gwaggo, ga ni." Malama daga ƙasa tana cewa, "Inna, a hankali za ki sauko, kada ki saki!"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan gaya muku yadda labarin ya kai kunnen uwar mijina.