Takardar Kotun da Nake Jira Daga Zariya

Tun ranar Talatar da muka fito daga ofishin lauya, maman yara ba ta tayar da maganar ba. Tana zuba min abinci, tana tambayata ya aiki, amma na san abin yana ranta. Da ma faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Shekarata goma sha ne a Amurka, a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙa tasi. Cacar biza na ci na zo a 2012, lokacin ba a cire Najeriya daga cikinta ba. Da girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin, nake ta zama, ban damu da neman zama ɗan ƙasa ba, sai da jikin Inna ya fara rauni. Mai girin kad in ya wuce wata shida a waje sai a fara yi masa tambayoyi, kuma ba shi da ikon nema wa mahaifiyarsa takardar zama, sai ɗan ƙasa. Ni kuwa so nake in je Tudun Wada in zauna kusa da ita ba tare da ina ƙirga kwanaki ba.

Shi ya sa muka je wajen lauya da fom ɗin neman zama ɗan ƙasa da suke kira N-400. Matar ta riƙa karanto tambayoyi ina amsawa, har ta zo kan wadda ta tsayar min da numfashi: ko an taɓa kama ni, ko tsare ni, ko gurfanar da ni, a ko'ina a duniya, ko da an ce an shafe maganar. Ta ɗago kai tana jira. Maman yara tana gefena da goyo.

Na ce e.

A 2007 ne, ina ɗan shekara ashirin, ina acaɓa tsakanin Kwangila da Samaru. Rigima ta haɗa ni da wani yaro kan fasinja, zuciya ta ɗebe ni na ture shi, ya faɗa kan babur ya fasa goshi. Kwana biyu na yi a bayan kanta kafin Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi belina. Kotun majistare ta ci ni tara, Baba ya biya kuɗin magani, sannan ya ɗauki kawuna da mai unguwa suka je gidan su yaron aka ba da haƙuri, aka yi fatiha. Daga ranar har ya koma ga Allah bai sake ambata min ba, ko cikin fushi. Lokacin neman aurena, da dangin maman yara suka zo bincike daga cikin birni, duk wanda suka tambaya cewa ya yi yaron kirki ne. Ba ƙarya suka yi ba. A wurinmu, abin da aka yi wa sulhu ya mutu.

A nan bai mutu ba. Lauyar ta ce shekara biyar na baya su ne ma'aunin abin da suke kira kyawun hali, amma jami'in da zai yi min tambayoyi yana da damar duba abin da ya gabaci haka. Ta ce akwai laifuffukan da ke rufe ƙofa har abada, irin kisan kai da manyan laifuffukan da aka yanke hukuncinsu daga 29 ga Nuwamba 1990 zuwa yau, kuma a ganinta nawa bai kama hanyarsu ba. Abin da ke kayar da mutane, in ji ta, ɓoyewa ne, don kafin a fara hirar sai ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa. Ta tambaye ni ko na faɗa a Legas lokacin neman biza. Na faɗa, har takardar kotun na kai musu, sai dai ban ajiye kwafi ba. Ta ce to sai na samo wani mai hatimin kotu.

Wani abokin aikina ya ce min wauta na yi. Wai zanen yatsun da za su ɗauka hukumar FBI za a aika wa, ina FBI ina caji ofis na Zariya? Wallahi maganarsa ta ɓata min rai. Baba bai ɗauki ƙafa ya je gidan mutane ya ƙasƙantar da kansa saboda ni ba don in girma in yi rantsuwa kan ƙarya. Wannan kam ina alfahari da shi. Amma da na shiga mota a daren nan, na tsaya a gefen titi na kasa kunna ta. A Tudun Wada mutum ashirin za su tsaya su shaide ni, daga liman har mai shayin bakin layinmu. A nan na biya haraji shekara da shekaru, ko tikitin gudu ban cika samu ba, amma babu dattijo ɗaya da ya san ubana da zai ce a bar maganar nan, mun san gidansu. Takarda kaɗai ke magana.

Dole na kira Yaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai yanzu tsohon miki za mu fama?” Duk da haka ya je. Sau uku yana zuwa ana ce masa ya dawo, wai ana neman rajistar shekarar a ɗakin ajiya. Ni da nake son a yi abin a asirce, kafin mako ya zagayo Inna ta ji. Ta turo min saƙon murya ta wayar ƙanwata: “Ɗan nan, abin da Allah ya rufe me ya sa suke son tonawa? In ƙasar tasu ba ta son ka, ka dawo, ɗakinka yana nan.” Na saurara ya fi sau goma. Muryarta ta yi ƙasa sosai, ba kamar bara ba, kuma ƙanwata ta ce yanzu a zaune take salla.

Jiya Yaya ya kira da wani labarin. Garin yawon neman takarda ya haɗu da mutumin da na ji wa ciwo, yanzu yana da shagon kayan babur a Sabon Gari, da ’ya’ya huɗu. Tabon yana nan a goshinsa. Ya ce a gaishe ni, shi ya yafe tun ranar da Baba ya zo gidansu, har ya ba da lambarsa ko zan so mu gaisa. Yaya ya turo min ita. Na ce wa maman yara in ta kwantar da yara anjima ina son mu yi magana, kuma in na yi sallar asuba, lokacin hantsi ya yi a Zariya, zan kira shi.