Hanyar da ayari ya bari

Tun kafin in buɗe littafi ko ɗaya a karatuna na digiri na biyu a fannin tattalin arziki, na riga na yanke hukunci a raina. A ganina talauci ne uban duk wani yaƙi a Afirka. A zuba kuɗi, a gina masana'antu, a ba matasa aiki, bindiga za ta yi shiru da kanta. Da wannan na cika shafi goma na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta biyu, ya ajiye, ya ce, "Ka san Salaga?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Gwanja dai nake ji a bakin tsofaffi, ƙasar goro." Ya ce, "To je ka karanta tarihinta, in ka gama ka dawo mu yi magana."

Salaga tana arewacin Ghana ta yau, a ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 ita ce babbar kasuwar da goron dazuzzukan Asante ke haɗuwa da fataken arewa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan haɗa ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu na jagoranta, su keta ƙasar Borgu, su yi watanni a hanya ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Ba zan rufe wani abu ba: an sayar da bayi a wannan kasuwa, kuma wannan tabo ne a tarihinta. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, babban birnin Asante, ikon Asante a kan arewa ya raunana, goro ya fara canza hanya. Sai a 1892 yaƙin basasa kan sarauta ya ɓarke a Salaga kanta. 'Yan kasuwa da malamai suka watse, da yawa suka koma Kete Krachi da wasu garuruwa. Yaƙin ya ƙare, amma Salaga ba ta sake zama abin da take a da ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Itatuwan goro suna nan a daji, ba wanda ya sare su. Masu cin goro suna nan a Kano da Sakkwato da Barno, ba su daina so ba. Abin da ya karye wani abu ne da ba a ɗaura shi a bayan jaki. Farke in ya iso gari, yana da maigidansa da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an ba shi kaya bashi, ya sasanta shi da wanda suka saɓa. Wannan amana shekaru ake yi ana gina ta, wani lokaci uba ya bar wa ɗa. Ran da maigida ya tashi daga gari, kasuwar ta tashi tare da shi ko da rumfuna na tsaye. Da na koma wurin Malam na faɗa masa haka, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi in sake rubuta shafukan nan goma.

Amma sai da na kama aiki na ji abin a jikina. Na shiga wani kamfanin jigilar kaya, sashen lissafi, inda aikina shi ne fitar da kuɗin da kowace tirela za ta ci daga tashar jiragen ruwa zuwa inda za a sauke lodi. Mai, tayoyi, alawus ɗin direba da yaron mota, kwastan, kuɗin shingaye. Duk waɗannan ana iya ƙiyasta su. Biyu ne suke hana ni barci: kwanakin da mota za ta yi a hanya, da inshora. In hanya lafiya take, na san ranar da mota za ta dawo, sai in yi wa wani alkawarin lodi na gaba. In an yi harbi sau ɗaya a wani daji, ko da mako uku da suka wuce ne, direbobi za su daina tafiyar dare, su jira a taru a samu rakiya, kwana biyar ya zama goma sha biyar. Kwantena na zaune ana caje ta kuɗin jinkiri. Mai kaya ya ci bashin banki, kuɗin ruwa na hawa. Duk wannan a ƙarshe yana sauka ne a kan matar da ta je sayen magani ko buhun siminti a gari mai nisan kilomita dubu daga inda aka yi harbin, wadda ba ta ma ji labarinsa ba.

Akwai wani dattijo a ofishinmu da ya yi wannan aiki tun kafin a haifi wasunmu. Shi ya fara ba ni labarin 2002 daga ɓangaren masu motoci. A watan Satumba na shekarar tawaye ya raba Kwaddibuwa biyu, birnin Buwake ya koma hannun 'yan tawaye, hanyar mota da ta jirgin ƙasa daga Abijan zuwa arewa suka yanke. Mali da Burkina Faso ba su da teku, kuma ba su cikin faɗan, amma mafi yawan kayansu ta Abijan yake bi. Dole suka karkata zuwa Dakar da Tema da Lome. Bankin Raya Afirka ma ya kwashe hedikwatarsa zuwa Tunis a 2003, bai dawo Abijan ba sai 2014. Shekara goma sha ɗaya. Dattijon nan yakan ce mini, "Ɗana, rufe hanya kwana ɗaya ne, dawo da mai kaya kanta shi ne aiki." Habasha ta fi nuna wannan a fili. Kafin yaƙinta da Iritiriya na 1998 zuwa 2000, ta tashar Assab da ke Iritiriya take shigo da yawancin kayanta. Yau sama da kashi 90 cikin ɗari ta Jibuti suke bi, har da sabon layin dogo da aka shimfiɗa. An yi sulhu a 2018, an rungumi juna a gaban kyamara, amma kayan ba su koma Assab ba.

Daga nan na fara fahimtar cewa arziki abu ne mai buƙatar jira, kuma zaman lafiya shi ne ke ba mutum damar jira. Koko sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya. Wanda bai da tabbacin zai kai baɗi a gonarsa ba zai dasa shi ba, abin da zai girba cikin wata uku zai shuka. Makiyayi zai sayar da saniya da araha kafin a kore ta. Mai shago zai daina ba da bashi, mai masana'anta zai ƙi sayen sabon inji, uba zai cire yarinya daga makaranta mai nisa, likita zai nemi biza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoton gidajen da aka ƙone, amma in ka tara su sun fi gidajen tsada. Gini ana sake shi da tallafi cikin shekara biyu. Yaron da ya rasa karatun shekara shida zai ɗauki wannan giɓi har tsufansa.

A nan ina so in tsaya kaɗan, don kada a yi mini mummunar fahimta. Ba don kasuwa ta ci ake neman zaman lafiya ba. Mutum kusan 800,000 da aka kashe a Ruwanda cikin kwana ɗari a 1994 ba su da farashi, haka waɗanda yaƙin Sudan ya ci tun daga Afrilun 2023. Nakan ji nauyi a raina duk lokacin da na ga kaina ina lissafin asarar lodi a ranar da wasu ke binne 'ya'yansu. Abin da nake cewa shi ne asarar ba ta tsayawa a maƙabarta, tana bin masu rai shekara da shekaru.

Shin tsohon ra'ayina ya rushe gaba ɗaya? Bai rushe ba, gyara ya sha, kuma yankin Tafkin Cadi ne ya gyara shi. Kifin Baga da ake banda ana lodinsa zuwa kudancin Najeriya, da jan tattasan da ake nomawa a gaɓar Komadugu a jihar Diffa, sun ciyar da dubban gidaje a ƙasashe huɗu. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, musamman daga 2015, hukumomi suka hana kamun kifi da cinikin tattasai na wani lokaci, suka hana hawa babur, suka taƙaita taki da mai, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kuɗi. Na gane dalilinsu. Amma masunci da ɗan acaɓa da mai dako suka wayi gari ba abin yi, alhali a cikin daji akwai mai kiransu da alkawarin jari. Rashin tsaro ya kashe sana'a, mutuwar sana'a ta ciyar da rashin tsaro. Duk wanda ya ce zai warware ɗaya ya bar ɗaya sai daga baya, bai san wurin ba.

Inda na yi kuskure a da shi ne da na ɗauka yawan dukiya ne magani. Lu'ulu'u ɗaya ne a Saliyo da Botsuwana. A Saliyo an gano shi a yankin Kono tun 1930, ya daɗe yana zurarewa ta hannun 'yan tsiraru da masu fasa-ƙwauri, daga ƙarshe shi ya sayi makaman yaƙin 1991 zuwa 2002. Botsuwana kuwa ta samu 'yanci a 1966 tana cikin mafi talauci a duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsu shi ne wurin yana cikin ƙasar ƙabilar shugaba Seretse Khama ne, amma ya tsaya kan cewa ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne baki ɗaya, ba na wata masarauta ba. Da kuɗin aka yi tituna da makarantu da asibitoci, ƙasar ba ta taɓa ganin juyin mulki ko yaƙin basasa ba. Ba ta rasa matsalolinta, akwai rashin aikin yi da tazara mai faɗi tsakanin mai shi da maras shi. Amma mutum ɗaya da ya hana kansa da danginsa fifiko ya saya wa ƙasarsa shekaru masu yawa na kwanciyar hankali.

Arewacin Mozambik ya nuna ɗaya fuskar. An gano iskar gas mai ɗimbin yawa a tekun Kabo Delgado a 2010, lardin da ke cikin mafi talauci a ƙasar. A 2017 tayar da ƙayar baya ta fara, a Maris na 2021 aka kai hari garin Palma, wata guda bayan haka kamfanin mai na Faransa, TotalEnergies, ya dakatar da aikin gas da ya kai kusan dala biliyan 20. Akwai aƙida a rikicin, akwai hannun waje, amma akwai kuma matasan da suka ga arziki na wucewa ta ƙofar gidansu ba a ko yi musu sallama ba. Shirun da mutane ke yi don tsoro ko don ba mai sauraronsu, mai zuba jari yakan ɗauka zaman lafiya ne, har ranar da ya fashe.

Shi ya sa nake murna da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018 aka fara aiki da ita a 2021, amma murnata da sauran jira. Cinikin da ƙasashen Afirka ke yi a tsakaninsu bai kai kashi 20 cikin ɗari na cinikinsu ba. Cire haraji a takarda zai taimaka. Sai dai a takardar lissafina haraji layi ɗaya ne, tsoro kuwa ya ratsa kowane layi.

Na ga haka da idona a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, gadar da ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar, wadda kayan tashar Kwatano ke bi, ta tsaya cik. Ba ina nan don in raba gardamar wa ke da gaskiya ba ne. Abin da na sani shi ne motoci sun yi layi na kilomitoci a ɓangaren Benin, kaya sun lalace a cikinsu, direbobinmu suna bugo waya kullum, "Oga, kuɗin abinci ya ƙare." Waɗanda suka juya ta Lome sai sun ratsa Burkina Faso cikin jerin gwano da rakiyar soja, tafiyar ta ninka, kuɗinta ya ninka. Ba a harba harsashi ko ɗaya tsakanin ƙasashen nan ba, saɓani kawai ya isa.

A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, ko da yake gadar ba ta buɗe daga ɓangaren Nijar ba. Duk da haka na ɗauki waya na fara kiran tsofaffin masu ba mu lodi, ina so in ji ko za su dawo hanyar Kwatano in al'amura sun daidaita. Akwai wani Alhaji da ya shekara fiye da goma yana ba mu kaya, mutum mai cika alkawari. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Da na kawo maganar, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, ba don na ƙi ku ba ne. Na kama sito a Lome, na biya hayar shekara uku, na samu wanda yake fitar mini da kaya kuma yana ɗaga mini ƙafa in kuɗi sun yi jinkiri. Ko gobe aka buɗe gadar, sai na ga ta shekara a buɗe tukuna." Na ce, "Haka ne, Alhaji, Allah ya sa albarka." Na ajiye wayar, na buɗe littafin lodi, na ja layi a ƙarƙashin sunansa, na bar shafin ban yage ba.