Yadda muka shimfiɗa sadarwa a sabon layin casar shinkafa

Aikin da aka kira ni a kai, a bakin Alhaji mai masana'antar, shi ne "a sa intanet". Sabon layin casar shinkafa yake kafawa a bayan garin Sakkwato, injina suna kan hanya daga ƙasar waje, shanshera kuma daga Goronyo da Wurno za a riƙa kawo ta. Burinsa ya ga abin da sikelin mota ya auna da yawan buhunan da suka fita, a wayarsa, ko yana Abuja. Da na kawo maganar tsaro sai ya dube ni ya ce, "Injiniya, mi yah haɗa shinkafa da ɓarayin intanet?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwansu da abin da kake sarrafawa." A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a masana'antun motocin Renault a Faransa. A Maris ɗin 2019 aka kulle wa kamfanin alminiyam na Norsk Hydro da ke Norwe kwamfutocinsa ana neman kuɗin fansa, ala tilas ma'aikata suka koma aiki da hannu da takarda. Alhaji ya yi shiru, sannan ya tambayi nawa abin zai ci.

Sa'ar da muka yi, ba a zuba kankaren ƙasa ba tukuna. Na zauna da magina da masu aikin wuta muka binne bututu tun kafin a dabe, muka raba hanyar wayar sadarwa da ta manyan wayoyin wuta, don wutar da injina ke ja tana rikita saƙon da ke bin wayar tagulla. Ita wayar tagulla iyakarta mita 100, sikelin mota kuwa yana can bakin ƙofa, ya fi haka nisa. Sai muka ja faiba, wato wayar gilashi da saƙo ke bi ta haske, wadda ko tsawa ta faɗo da damina ba ta ɗauko wutar ta shigo da ita cikin kayanka. Zafi ma abin lissafi ne. A Afrilu Sakkwato tana haura digiri 40, ƙarƙashin kwanon masana'anta kuwa sai wanda ya shiga. Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin shinkafa da ke shiga ko'ina. Suwic, wato na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a jikinta, irin na ofis mai fanka, ƙura zai yi ta zuƙa har ya shaƙe. Muka sayi irin na masana'antu marar fanka, muka sa a akwati mai rufin roba, muka haɗa shi da batir don kada ya mutu duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta.

Inda na fi kafewa shi ne raba injina da ofis. Ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injin, waɗanda ake kira PLC, da yawansu da harshen Modbus suke magana, kuma tun 1979 aka ƙirƙiro shi. Ba ya tambayar wane ne ya ba da umarni. Duk wanda ya iso gare shi ya ce a kashe, zai kashe. Idan kwamfutar akawu, wadda yake buɗe kowane saƙo da ita, tana layi ɗaya da tukunyar tururi, to ka ajiye wa kanka masifa. Ƙa'idar IEC 62443 ta tsaron na'urorin masana'antu ta ce a raba wuri shiyya-shiyya a kuma tsare mashigar kowace shiyya. Shiyya uku muka yi: injina daban, ofis daban, kyamarori da wayoyin baƙi daban. Tsakanin injina da ofis muka sa katangar tsaro da kwamfuta guda da na kwatanta wa Alhaji da zaure. Lissafi yana fitowa daga cikin gida a ajiye shi nan, wayarsa ta zo ta karanta ta koma, amma ba wanda ke wucewa ciki.

Da injina suka iso, na buɗe akwatin injin da ke tsince baƙar ƙwaya daga fara. Can ƙasa, bayan wayoyi, sai ga ƙaramar rauta, wato na'urar haɗawa da intanet, mai eriya biyu da gurbin sa sim, kalmar sirrinta a rubuce a takardar da aka manna mata a ciki. Injiniyan kamfanin da ya sayar da injin bai ɓoye ba, ya ce da ita suke gyara daga ƙasarsu, kuma idan aka cire ta babu garanti. Ba mugun nufi gare shi ba, kuma gaskiya ne jiran mutum ya taso daga wata nahiya yana iya cin makonni injin na kwance. Sai dai wannan ƙofa ce da ta zagaye duk katangar da muka gina. Mun daɗe muna ja-in-ja kafin mu daidaita: za su shigo ta hanyarmu, kowane injiniya da sunansa da lambar da ake turo masa a waya, kuma sai shugaban aikin ranar ya murza makulli a jikin akwatin hanyar take buɗewa. An gama, ya rufe ya rubuta a littafi. Na kuma sa Alhaji ya riƙe cikon kuɗinsu har suka ba mu kwafin manhajar kowane PLC. Ɗaya yana cikin sef, ba ya haɗe da komai.

Sai maganar cajin waya. Ranar gwaji na tarar da wani matashi ya soka wayarsa a jikin allon sarrafa injin. Na ce, "Ɗan'uwa, me ke nan?" Ya ce, "Yallaɓai, caji kawai na ɗan sa." Bai san cewa wayar da aka soka tamkar filash take ba, kuma bai san cewa cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyam a Natanz ta Iran, an tsara ta ne ta riƙa yaɗuwa ta filash ba. Faɗa ba zai hana ba, tun da mutum yana wuni a nan kuma gida ba lallai ya tarar da wuta ba. Muka toshe kafofin, muka kafa soket mai baki da yawa a rumfar da ake hutawa kusa da masallaci. Daga nan ban ƙara ganin waya a jikin injin ba.

Kafin a buɗe layin muka zare wayar intanet da gangan ana tsakar aiki. Injina suka ci gaba, magatakardan sikeli ya koma rubutu a littafi, abin da muke son gani ke nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙa sa a rufe sunan ma'aikacin da ya bar aiki a kwamfuta. Manaja ya so a bar mini, na ce a'a, a ba akawu, don shi ne farkon wanda yake sanin an cire mutum daga takardar albashi. Duk ƙarshen wata yana turo mini sunaye, ina dubawa da waɗanda ke cikin kwamfuta.