Gilashin zuƙowa na farko

Masu sabuwar kyamara, in za ku sayi gilashin zuƙowa (zoom lens), kada lambar 18-200mm, wadda ke nuna iyakar zuƙowarsa, ta ruɗe ku. Tana zuƙo na nesa, amma a ƙarshen zuƙowar hoto yakan yi laushi.

Ku fara duba lambar f, wadda ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga gilashin: in lambar ta ƙaru, ƙofar ta tsuke. Gilashin 18-55mm da ke zuwa da kyamara yana buɗewa f/3.5 a 18mm, da an zuƙo zuwa 55mm sai ya tsuke zuwa f/5.6. Hasken da ke shiga ya ragu fiye da rabi ke nan, shi ya sa hoton ɗakin amarya ke fitowa dishi-dishi. Na kamfanin Sigma ko Tamron 17-50mm f/2.8 ba ya tsukewa, sai dai nauyi.

In na hannu ne, a haska cikinsa da tocila, a nemi funfuna da ƙura. Bakinsa ma ya dace da kyamarar: gilashin Canon mai bakin EF-S ba ya hawa kyamarar Canon mai bakin RF sai da adafta.