Lahadi: na samo gunya, amma sirdi ya ci bayansa

Ana idar da sallar asuba na fita, sanyin Leicester na yanka kunne. Kasuwar gwanjon da ake ci a bayan motoci sai da sammako, in ka bari rana ta ɗaga sai dai ka tarar da tsofaffin kofuna.

A layi na uku na hango shi cikin kwali, kansa ya leƙo tsakanin wayoyin caja da takalman yara. Thunderbolt ne, dokin roba na kamfanin Marx da ya fara fitowa a 1965. Kalarsa irin wadda a gida muke kira gunya, geza da wutsiya farare. Dattijuwar mai kayan ta ce na ƙanenta ne, ya shekara da shekaru a saman silin. Ta ce fam goma, na taya shida, muka daidaita a takwas. Gabana na ta faɗuwa kada ta ga zumuɗi a fuskata.

Asali don Johnny West, mutum-mutumin kaboyi na wasan yara, aka yi dokin, amma sojojin doki na Marx irin su Janar Custer ma suna hawansa. Ni kuwa wani sojan roba, irin waɗanda ake kira Action Man, nake nema wa abin hawa. Kamfanin Palitoy ne ya fara yin su a 1966, nan Coalville, ba nisa da mu, bisa samfurin G.I. Joe na Amurka. Tsawonsu inci 12, kusan ɗaya da mutanen Marx, shi ya sa hawan yake yi musu daidai. Nawa yana sanye da jar rigar Life Guards, masu gadin gidan sarautar Ingila, shekara biyu ke nan yana tsaye a kan kanta da dogayen takalman hawa, ba doki.

Sai da na dawo gida na zo cire sirdi, ya ƙi fita. Na lallaɓa da ɗan yatsa, ya ɗago da wata 'yar ƙara kamar an ɓare cingam. Ashe ya narke a bayan dokin. Sirdin da linzamin na roba mai laushi ne, sinadarin da ke sa ta laushi kuma yana tsatsowa a hankali ya ci roba mai tauri in sun daɗe manne da juna, musamman a wuri mai zafi. Ga shatin majayi nan ya zagaye cikin, ga wani rami kamar an danna babban yatsa a tuwo.

Nan take na tuna kakana a Katsina. In aka sauko daga hawan sallah, kafin kowa ya sha ruwa sai an kwance sirdi an duba bayan doki. Da ya ga wannan, da na sha faɗa.

Uwargida ta leƙo kicin ta same ni ina wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori.

"Maigida, wannan na nawa ke nan?"

Na ce na huɗu. Ta ce ita biyar ta ƙirga. Gaskiyarta, na manta da mai karyayyen kunne.

Ramin ba zai cike ba. Na yanko ƙyalle daga wata tsohuwar shadda na shimfiɗa masa kafin in mayar da sirdi, don kada robar ta sake taɓa juna. Likafa ɗaya ta ɓata, don haka sojan nawa ƙafarsa ta hagu tana lilo.