Yabo ko da NEPA ta ɗauke wuta

Ranar Lahadin da ta wuce muna tsakiyar sujada a cocinmu NEPA ta ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi, makirfo shiru, piyano shiru. Na ɗauka shikenan waƙa ta tsaya. Ina! Ƴan zumuntar mata suka jawo tulu da kacau-kacau da ganga suka ci gaba abinsu, mu ma muka bi da tafi, gaskiya ni dai na fi jin daɗin wannan a kan na lasifika, don har muryar tsohuwar da ke bayana na ji, wadda kullum ƙarar kaya ke danne ta.

A nan ne na tuna da Bulus da Sila a kurkukun Filibi, Ayyukan Manzanni sura 16. An yi musu duka, an sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni na saurare. Ba su jira sai an sake su ba. Abin da ke ba ni kunya kenan, ni da nake yabo sai albashi ya shigo.

Mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, kuma ceto ta wurin alheri ne, ba don ƙoƙarinmu ba. Wannan ai bai canzawa da farashin mai.

Wuta dai ba ta dawo ba har aka tashi, fasto ya yi wa'azinsa da baki, muryarsa har ta dishe.